Wanda zan aura ya goge sunan marigayi ƙanena daga fayilolinsa, ya sa nasa

Admin don Allah a ɓoye sunana, garinmu ƙarami ne kuma akwai 'yan cocinmu a cikin gurup ɗin nan.

Salama a gare ku 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, amma kafin wani ya ce ai maganar gem ce kawai, ya daure ya karanta har ƙarshe, ni ma da haka nake ɗaukar abin kafin ya zama shi ne abin da ya rage mini. Ni mace ce, shekarata talatin da ɗaya, ina koyarwa a wata firamare a nan Kafanchan, ina zaune da Mamana. Babanmu ya rasu tun muna ƙanana, mu biyu ne kawai a wurinta, ni da ƙanena, zan kira shi Ishaku ko da yake ba sunansa ke nan ba. Ishaku mai sikila ne. Tun yana yaro ba ya zuwa gona, ba ya ƙwallo, damina in ta shigo rabinta a kwance yake yi. Da ya gama sakandare kawunmu da ke Zonkwa ya kawo masa tsohuwar laftop, wai ko zai rage zaman shiru, to wannan laftop ita ta zama masa gona da filin ƙwallo gaba ɗaya.

Akwai wani gem da yake yi, irin wanda za ka ƙirƙiri mutane, ka gina musu gida, su yi girki, su je aiki, su yi aure, su tsufa. Abin da ya dame shi shi ne komai na ciki na Turawa ne, kayan sawa, kujeru, gashi, abinci, ba ko ɗaya da ya yi kama da gidanmu. Sai ya koyi yin abin da suke kira mod, wato ƙananan fayiloli da mutum zai haɗa da kansa ya zuba a wata folda, gem ɗin ya karanta su, kayan su fito a ciki. Shekara kusan biyar yana wannan aiki. Ya yi zanen Zumuntar Mata ta coci irin na Mama har da ɗankwalinsa, ya yi buhun citta, turmi da taɓarya, tukunyar gwaten acca, farar kujerar roba ta coci mai tsagaggiyar ƙafa, tsohon bencin tashar jirgin ƙasa, kitson shuku, randar da ke bayan kicin ɗinmu. Daga ƙarshe ya gina gidanmu sak, har bishiyar mangwaron da ke jikin katanga, ya sa mu uku a ciki. Ranar da ya nuna wa Mama kanta tana daka a tsakar gida sanye da zanenta, dariya ta yi har da hawaye, ta ce yaron nan ka sa ni na yi ƙiba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, yin mod ɗin ba shi ne wahalar ba, riƙe su shi ne aikin. Duk lokacin da masu gem suka saki apdet, wato sabon gyaran da suke yi wa gem ɗin, sai wasu fayiloli su lalace, ka buɗe ka ga mutum ba kai, ko gem ɗin ya ƙi tashi gaba ɗaya. Shi ya sa Ishaku ya tsara foldarsa kamar shagon magani. Akwai foldar gashi, ta kayan sawa, ta kayan ɗaki, ta kicin. Akwai wata da ya sa wa suna Baƙi, nan yake ajiye duk sabon abin da ya sauke daga intanet sai ya gwada shi kwana biyu kafin ya shigar da shi cikin 'yan gida. Akwai Asibiti, nan yake kwantar da waɗanda apdet ya lalata har ya gyara su. Kuma dokarsa ta farko ita ce, duk fayil ɗin da wani ya yi, sunan mai shi ne zai zo a gaba, ko da mutumin yana wata ƙasa bai san da mu ba. Yana cewa Yaya, mutum ya zauna ya ɓata idonsa, kar ki cire masa suna.

Nasa na kansa kuwa, sunayen da yake ba su tsokana ce zalla. Tukunyar gwaten sunanta Tukunyar da Yaya ta ƙona ranar Kirsimeti. Kujerar robar sunanta Kujerar da ta ka da dattijo. Wani takalmi sunansa Yaya ta saya bai shige ta ba ta ƙi yarda. Akwai wani gajeren rubutu da ya ajiye a saman foldar, ya sa masa suna Karanta kafin ki taɓa, a ciki ya rubuta mini yadda ake neman fayil mai matsala, a cire rabi, a kunna gem, in ya tashi to matsalar na cikin rabin da aka cire, a sake raba wannan biyu, haka haka har a kama ɓarawon. A ƙarshen rubutun ya ce in kin gaji ki je ki sha ruwa, kar ki zagi laftop ɗina. Lokacin da yake nuna mini waɗannan abubuwa ban mai da hankali ba, ina makin jarrabawar yara ina cewa to, to. Ban san shiri yake yi ba.

Bara ciwon ya tashi masa, kwana huɗu a asibiti, Ubangiji ya kira shi yana da shekara ashirin da huɗu. Wata biyu ban iya buɗe laftop ɗin ba. Ranar da na buɗe, wata Lahadi bayan an tashi sujada, na shiga foldar na fara karanta sunayen fayilolin ɗaya bayan ɗaya, sai na ji kamar yana zaune a gefena yana tsokanata. Na yi dariya na yi kuka a lokaci guda. Daga ranar na ɗauki aikin. Ni da ban san komai a kwamfuta ba sai buga sakamakon jarrabawa, na koyi raba rabi da rabi, na koyi gane fayil biyu masu faɗa da juna, na koyi kwashe komai a fulash, ɗan abin nan na adana fayiloli, kafin in yarda apdet ya shiga. Ban iya gyara abin da ya lalace ba, amma na iya kai shi Asibiti ya kwanta. Kowace Lahadi da rana in akwai wuta, wannan ne zamana. Ban ƙara ko ɗaya ba, ban canza sunan ko ɗaya ba.

Yanzu ga wanda nake magana a kansa, zan kira shi Gidiyon. Abokin Ishaku ne tun suna makarantar Lahadi, ko da yake ya girme shi, ta nan ma muka saba har muka fara nema. Gaskiya ba zan ɓoye alherinsa ba. Shi ya ɗauki Ishaku a baya ya sa a keke ranar da ciwon ya tashi, shi ya ba da jini, shi ya tsaya a kan komai na jana'iza lokacin da ni da Mama ba mu san inda kanmu yake ba. Mama ɗana take kiransa. An riga an yi gaisuwar iyaye, an sa biki watan Disamba. Matsalarsa ɗaya, tun da ya gama bautar ƙasa shekara uku ke nan ba aiki, yana ɗan zanen fosta da katin biki a waya da kwamfutar mutane, abin ba ya kai ko'ina.

Wata uku da suka wuce aka saki wani babban apdet, na manta ban kashe intanet ba ya shiga da kansa. Gem ya ƙi tashi. Na yi Lahadi biyu ina raba rabi da rabi, in kama wannan wani ya fito, ga jarrabawar ƙarshen zango ta taso. Gidiyon ya same ni ina share hawaye a kan laftop, ya ce in ba shi ya tafi da ita, ya fi ni sanin kan abin, zai gyara. Ya ce in haɗa masa da fulash ɗin ko zai buƙaci tsofaffin fayilolin. Abu ɗaya na roƙe shi, na ce Gidiyon, gyara kawai, kar ka canza mini tsarin foldar, kar ka taɓa sunayen. Ya dafa ƙirji ya ce haba, ai ni ma ƙanena ne. Na ba shi. Da hannuna na sa fulash ɗin a aljihun jakar.

Kwana goma laftop ɗin na wurinsa. Da ya dawo da ita yana murmushi ya kunna mini, gem ya tashi da sauri fiye da da, gidanmu na nan, Mama na daka. Na yi murna, na ma rungume shi. Sai da ya tafi na shiga foldar. 'Yan uwa, ba Baƙi, ba Asibiti, ba Karanta kafin ki taɓa. Fayiloli shida ne kawai manya manya, an rubuta fak ɗaya, fak biyu, har shida. Duk abin da Ishaku ya yi an narkar da shi wuri ɗaya. Na sa fulash ɗin, shi ma waɗannan shidan ne a ciki. Na duba kwandon shara na kwamfutar, wayam. Na kira shi, ya ce ai haka ƙwararru suke yi, fayiloli da yawa su ke sa gem nauyi, ya haɗe su ne don ya sauƙaƙa mini, fulash kuma wai bairos, cutar kwamfuta, ya gani a ciki shi ya sa ya wanke shi. Na ce sunayen fa? Ya ce wane sunaye, waɗannan shirmen? Ya ce kayan ai suna nan ba abin da ya ɓata. Sai na kashe wayar. Daga baya ya zo da lemo ya ba ni haƙuri, ya ce bai san abin na da muhimmanci haka ba. Na yarda kuskure ne. Na ce a raina namiji ne, ya ga datti ya share. Amma daga ranar ban sake buɗe gem ɗin ba, ba ni da abin da zan je in gani.

Ba a yi wata ɗaya ba ya zo da albishir, ya samu aiki a wani ƙaramin kamfani a Sabon Tasha da ke Kaduna, masu zana wa mutane yadda gida da kayan ɗaki za su kasance a kwamfuta kafin a gina. Mama ta yi guɗa, ta ba da shaida a coci, aka yi masa addu'a a gaban jama'a. Ni ma na yi murna da zuciya ɗaya, na ce Allah ya dube mu kafin biki. Na tambaye shi yaya aka yi suka ɗauke shi, ya ce ya nuna musu ayyukansa ne suka burge su. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka fostocinsa yake nufi.

Makon jiya wata ƙawar Ishaku ta tare ni a bakin makarantarmu bayan an tashi. Zan kira ta Nkechi, iyayenta 'yan reluwe ne, ma'aikatan jirgin ƙasa, a nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa. Ita ma tana wannan gem, suna da wani ɗan gurup na masu yinsa, Ishaku na ciki kafin ya rasu. Ta ce Anti, ke kika ba Gidiyon izini? Na ce izinin me? Sai ta buɗe wayarta. Ashe tun lokacin da laftop ɗin ke wurinsa ya buɗe shafi, ya ɗora hotunan komai, zanen Zumuntar Mata, buhun citta, bencin tasha, har tukunyar gwaten, ya rubuta da Turanci wai aikin hannunsa ne na shekara biyar, wai yana so duniya ta ga al'adun Kudancin Kaduna. Mutane na ta yaba masa, wani ma ya ce irinsa ƙasar nan ke buƙata, shi kuma yana amsawa da godiya ga Allah. Nkechi ta ce ba shi ke nan ba, in na koma gida in buɗe gem ɗin in danna kowane kaya in karanta bayanin da ke fitowa a jikinsa. Na dawo ko jaka ban ajiye ba na kunna. A da in ka danna zanen Mama, rubutun da ke fitowa shi ne, Aikin Ishaku, don Mamana. Yanzu sunan shafin Gidiyon ne a wurin. Na danna turmi, haka. Na danna randa, haka. Ɗaya bayan ɗaya ya bi su ya canza, wannan ba aikin minti biyar ba ne, ba kuma abin da hannu ke yi bisa kuskure ba ne. Kwana goman nan da nake cewa yana wahala domina, abin da yake zaune yana yi ke nan. Har na mutanen waje da Ishaku ya sauke ya adana musu sunansu, duk ya haɗe su a ciki ba sunan kowa.

Ranar Asabar ya zo daga Kaduna, na jira Mama ta tafi taron mata, na ajiye masa laftop ɗin a gaba. Da farko ya ce ai gem ɗin ne ke sa sunan wanda ya gyara fayil da kansa. Na nuna masa shafin. Sai ya fara faɗa, wai Nkechi munafuka ce, wai dama tana son Ishaku ne shi ya sa. Can sai ya sauko, ya ce shi ma ya sa hannu a wasu, yana zama da Ishaku yana ba shi shawarar kala, kuma shi ya gyara su bayan apdet, da ba don shi ba da duk sun mutu. Ya ce shekara uku yana yawo da takardu ba wanda ya kalle shi, kamfanin sun ce sai ya nuna abin da ya taɓa ginawa, me zai nuna, katin biki? Ya ce don mu ya yi, don kar in auri mutumin da zai riƙa jiran albashina. Na ce to me ya sa ka goge na asalin, me ya sa ka wanke fulash? Abin da ya ce kawai shi ne, "Ishaku ba ya neman aiki yanzu, ni nake nema. Da yana raye da kansa zai ba ni."

Wannan maganar ita ta hana ni cin abinci har yau. Domin wataƙila gaskiya ne, Ishaku yana da kyauta, da Gidiyon ya roƙe shi zai iya zama ya koya masa, zai iya ma raka shi kamfanin ya ce tare muka yi. Da ni ma ya tambaye ni, ban san me zan ce ba, mai yiwuwa in ce ya nuna amma ya faɗi wanda ya yi. Amma bai tambaya ba. Ya kalli idona ya dafa ƙirji, ya tafi ya yi abin da na roƙe shi kar ya yi, ya share duk hanyar da za a gane, ya dawo na rungume shi, ya tsaya a gaban ikkilisiya aka ɗora masa hannu. Na kai laftop ɗin wurin mai gyara a kasuwa ko za a iya dawo da tsohuwar foldar, ya duba ya ce an daɗe, an rubuta wasu abubuwa a kai, ba za ta dawo ba. Na zauna na yi ƙoƙarin rubuta sunayen fayilolin da na tuna a bayan rajistar ajina, na kai talatin da wani abu na tsaya, sauran sun tafi, kuma na san sun fi haka nesa ba kusa ba.

Nkechi tana da wasu fayiloli da Ishaku ya taɓa tura mata ta waya, da sunayensu na asali da kwanan wata, har da saƙon muryarsa yana mata bayanin yadda ya yi zanen. Ta ce a shirye take ta saka su a gurup ɗinsu da ƙarƙashin shafin Gidiyon, kowa ya gani, ni kawai take jira, ta ce ba za ta jira har abada ba. Na san in ta saka, maganar za ta kai kamfanin, aikin zai tafi, bikin ma ban ga yadda zai tsaya ba. Kuma garin nan za a ce na tona asirin mijin da zan aura saboda wasan yara, mutumin da ya ba ƙanena jini. Na roƙe shi ya je da kansa ya gaya wa ogansa gaskiya, ya gyara rubutun shafin, ko da cewa zai yi aikin marigayi abokinsa ne shi yake kula da shi. Ya ce ina so a kore shi ke nan, in bari ya kama ƙasa tukuna, nan da shekara ɗaya zai yi nasa ya sauke waɗannan, ba wanda zai sani.

Mama ba ta san komai ba. Asabar mai zuwa za a yi addu'ar cika shekara ɗaya da rasuwar Ishaku a gidanmu, 'yan uwa za su zo daga Zonkwa da ƙauye, fasto zai zo. Shekaranjiya tana tsince shinkafa ta ce mini tana so a haɗa laftop ɗin da babbar talabijin a nuna wa mutane gidan da ɗanta ya gina, domin da yawa suna ganin ya zauna ne kawai yana ciwo har ya mutu, tana so su ga ya yi wani abu da hannunsa. Ta ce ɗana Gidiyon zai haɗa wayoyin, shi ya iya. Na gaya masa a waya, na ce Mama tana karanta Littafi Mai Tsarki, ta iya karanta suna, in aka danna zanenta za ta ga abin da ke rubuce. Ko daƙiƙa biyu bai yi ba ya ce wannan ba matsala ba ce, in kawo laftop ɗin ranar Juma'a zai mayar da sunan Ishaku a kan kayan da za a nuna, a tawa laftop ɗin kawai, na shafin da na kamfani su zauna yadda suke, Mama ta ji daɗi kowa ya huta.

To 'yan uwa, nan na tsaya. In na ba shi laftop ɗin ranar Juma'a, na shiga cikin ƙaryar ke nan, ni da shi mun haɗu mun rufe idon Mama a ranar tunawa da ɗanta. In na ƙi, ko dai in hana ta abin da ta roƙa ba tare da dalili ba, ko in gaya mata gaskiya ta rasa ɗa na biyu a mako ɗaya da take kukan na farko, ga hawan jini. Ban san ko in ce wa Nkechi ta saka ba, ban san ko in kai maganar wurin fasto ba, wanda ban da tabbacin zai ma gane mene ne mod balle ya ga girman abin. Kuma abin da ya fi damuna, ina kallon mutumin nan yanzu ina tambayar kaina, wanda ya iya zama kwana goma yana goge sunan abokinsa da ya mutu ɗaya bayan ɗaya, ya zo yana mini murmushi, me kuma zai iya yi in mun shiga gida ɗaya? Ko ni ce baƙin ciki ya sa nake ƙara wa abin gishiri? Masu aure a cikinku, da waɗanda suka taɓa rasa ɗan uwa, don Allah ku gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Yau Talata. In ba shi laftop ɗin, ko in zaunar da Mama?